An amince, amma ba da wannan tafiyar ba: nazarin wata tafiya daga Gombe zuwa Biu

Kamfanonin da ma'aikatansu ke yawan bin hanya, musamman masu hulɗa da Turawa ko da kamfanonin inshora na waje, sun koma amfani da manhajar kula da haɗarin tafiye-tafiye. Ma'aikaci zai cike fom ya faɗi inda za shi da lokacin da zai dawo, manhaja ta auna haɗarin wurin, ta tura wa waɗanda ya kamata su sa hannu. Kowace tafiya tana da matsayinta a allo: ana jira, an amince, an ƙi, an kammala. Tun da hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 31030 a 2021, wadda ta fayyace nauyin da ke kan kamfani game da ma'aikacin da ya aika, masu binciken kamfanoni suka fara tambayar wa ya ba da izinin tafiya, yaushe, kuma bisa wace doka.

Kamfanin da ke cikin wannan nazari misali ne, haka ma mutanensa. Garuruwa da hanyoyi da dokokin ƙasa da aka ambata na gaske ne, matsalolin manhajar kuma irin waɗanda ake cin karo da su ne a wurin saiti.

Yadda aka saita ta tun farko

Kamfanin yana girka sola da gyaranta a asibitocin karkara da rijiyoyin burtsatse. Hedikwatarsa tana Abuja, yana da reshe a Gombe mai kula da ayyukan Gombe da Bauchi da Adamawa da kudancin Borno. Hedikwata ce ta sayi manhajar, kuma da matafiya jirgin sama aka gina ta. Idan aka yanki tikiti ta manhajojin ajiyar kujerar jirgi irin Amadeus ko Sabre, lambar ajiyar kujera takan shigo da kanta da filin tashi da na sauka da lokaci. Ma'aikacin Gombe kuwa ba kasafai yake zuwa filin jirgin Gombe da ke Lawanti ba. Aikinsa na Hilux ne da hanyar Bajoga ko Kaltungo ko Dukku, saboda haka komai da hannu ake shigarwa.

Matsala ta farko ta zo ne daga matakan haɗari. Masu sayar da bayanan tsaro sukan ba ƙasa ko jiha mataki guda. International SOS, alal misali, tana da matakai 5, daga mafi sauƙi zuwa mafi tsanani. Shawarar tafiye-tafiye da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta fitar a 2023 ta sa Gombe da Bauchi cikin jihohin da ta ce kada 'yan ƙasarta su je saboda garkuwa da mutane, ta sa Borno da Yobe saboda ta'addanci da garkuwa. Wanda ke zaune a Gombe ya san zuwa Kumo da hantsi ba ɗaya yake da tsallakawa Borno ba, amma manhaja ba ta san haka ba. A makonnin farko, ko Deba za a je canza batir sai darakta a Abuja ya sa hannu. Aiki ya tsaya, ƙorafi ya yi yawa.

Sai mai kula da manhajar ya ƙirƙiro wata doka ya kira ta tafiyar gida, ya ɗora ta a saman jeri. Dokokin reshen suka zama uku. Tafiyar da ta tashi daga jihar Gombe kuma babban masauƙinta yana cikin jihar, manaja kaɗai ya isa, idan bai amsa ba cikin awa 24 manhaja ta amince da kanta. Bauchi da Adamawa, manaja da jami'in tsaro. Borno da Yobe, manaja da jami'in tsaro da darakta, tare da sanarwar awa 72, da kiran tabbatar da lafiya duk bayan awa biyu, da sanar da kamfanin inshora kafin a tashi. Akwai kuma doka ta gama-gari: kada a kasance kan hanya bayan ƙarfe 5 na yamma. A takarda babu abin kushewa. Abin da ba a lura da shi ba shi ne manhajar tana bin jerin ne daga sama, doka ta farko da ta dace ita take ɗauka, ba ta ƙara duba na ƙasa.

Abin da ya faru

Ranar wata Litinin a watan Nuwamba wani injiniya ya shigar da tafiyar Laraba: Gombe zuwa Dadin Kowa, tafiyar da ba ta wuce kilomita 40 ba, tashi ƙarfe 8, dawowa ƙarfe 3. Manajansa yana hutun shekara, bai wakilta kowa a manhaja ba. Saƙon neman izini ya tafi imel ɗin da ba mai buɗewa. Ranar Talata awa 24 ta cika, matsayi ya koma an amince, allo ya nuna kore.

Da yammacin Talatar aka kira daga wani asibiti a Biu, cikin jihar Borno, cewa inbata ta mutu, firjin allurar rigakafi ya tsaya. Mai tsara ayyuka ya ce wa injiniyan tun da gobe yana Dadin Kowa, ai hanya ɗaya ce, ya ƙarasa. Injiniyan bai ɓoye komai ba. Ya buɗe tafiyarsa ya ƙara Biu a matsayin zango na biyu, ya mai da lokacin dawowa 5:45. Ya duba allo ya ga har yanzu kore ne, ya rufe kwamfuta ya tafi gida.

Shi da direbansa sun gama da Biu a makare, domin sai da aka nemo wata fis a kasuwa. A hanyar dawowa, bayan an yi magariba, fanbel ya tsinke musu kusa da Kwaya Kusar. Sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Da ƙyar kira ya shiga wayar jami'in tsaro.

"Yallaɓai, mota ta tsaya mana kusa da Kwaya Kusar."

"Kwaya Kusar kuma? Injiniya, ai Dadin Kowa kuka je, kuma a nan an nuna kun dawo."

Haka allon ya nuna masa. Ƙarfe 5:45 na cika manhaja ta mai da tafiyar an kammala, ta cire su daga taswirar waɗanda ke kan hanya. Ba shi da lambar direban, domin motar haya ce kuma sunan direban bai taɓa shiga manhajar ba. Aka samu mai babur ya kai su cikin gari, suka kwana, da safe bakanike ya sa sabon fanbel suka dawo lafiya. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Sai dai mutum biyu sun kwana a jihar Borno ba da sanin darakta ba, ba da sanin inshora ba, alhali takardun kamfani suna cewa suna gida.

Inda aka kuskure

Washegari aka ba injiniyan takardar neman ba'asi, wanda shi ne abin da aka saba yi. Rajistar ayyukan manhajar, wadda ke ajiye kowane danni da lokacinsa da sunan mai shi, ita ta wanke shi. Ta nuna ya shigar da Biu kusan awa 14 kafin tashi. Ta kuma nuna wani abin da ya fi ɗaga hankali: a duk tsawon tafiyar nan, daga shigarwa har kammalawa, babu ɗan Adam ko ɗaya da ya sa hannu. A gurbin mai amincewa sunan manhajar ne a rubuce.

Babban ramin shi ne gyaran da bai sauya matsayin tafiyar ba. Irin wannan manhaja takan ba mai saiti damar zaɓen gyare-gyaren da za su mai da tafiya baya a sake dubawa. A nan uku aka zaɓa: ranar tashi, sunan matafiyi, da babban masauƙi. Ƙarin zango ba ya ciki, saboda a tafiyar jirgi zango yawanci filin da ake canza jirgi ne, ba a cika damuwa da shi ba. A tafiyar mota kuwa zangon ne ke iya tsallaka iyakar jiha. Izinin tafiya kamar tikitin tasha ne, na mota ɗaya ne da rana ɗaya da gari ɗaya, amma manhajar ta ɗauke shi tamkar hatimin da ke bin fom duk yadda aka sauya abin da ke cikinsa.

Ko da ma ta sake dubawa, da wuya ta kama, domin dokar tafiyar gida babban masauƙi kawai take kallo, kuma tana saman jeri. Dadin Kowa tana cikin Yamaltu/Deba, doka ta dace, magana ta ƙare. Dokar Borno da ke ƙasa ba a kai gare ta ba.

Dokar ƙarfe 5 ita ce ta fi ba masu binciken wahala. Me ya sa 5:45 ta wuce ba ko gargaɗi? Sabar, wato babbar kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta, tana ajiye lokaci ne da agogon duniya na UTC, Najeriya kuma tana gaba da shi da awa ɗaya. Wanda ya rubuta dokar ya sa 17:00 bai zaɓi yankin lokaci ba, sai ta zama ƙarfe 6 a agogon Gombe. 5:45 namu 4:45 ne a wurin sabar. A Yuli, lokacin da rana ke kaiwa bayan shida da rabi kafin ta faɗi, da ba a ma lura ba. A Nuwamba kafin ƙarfe 6 ake kiran magariba a Gombe, don haka awa ɗayan nan ita ce tsakanin haske da duhu.

Amincewa ta atomatik kuwa ba ta da abin kare kanta da shi. An sa ta ne don kada aiki ya tsaya, amma abin da take nufi shi ne shirun manaja ya zama izini, ko yana hutu, ko yana asibiti, ko ya bar aikin ma ba a rufe asusunsa ba. Haka nan kammalawa da agogo. Manhaja ba ta san mutum ya iso ba, lokaci kawai ta sani.

Gyaran matsayi

An zauna da jami'in tsaro da mai tsara ayyuka da direbobi biyu aka zana kowane matsayi a farin allo, da kibiyoyin da ke kaiwa daga wannan zuwa wancan, da sunan wanda ke da ikon motsa kowace kibiya. Sa direbobi cikin zaman ya yi amfani, su suka san inda sabis ke ɗaukewa da inda shingayen bincike ke cin lokaci.

Matsayin daftari da na ana jira da na an ƙi da na an soke sun zauna yadda suke, sai dai yanzu ba a iya ƙin tafiya sai an rubuta dalili. An ƙara matsayin an mayar don gyara, saboda a da manajoji kan danna an ƙi don kawai an manta lambar mota, abin da ke ɓata lissafi ya kuma ɓata wa ma'aikaci rai. An raba amincewa gida biyu. Akwai an amince bisa sharaɗi, wanda ruwan ɗorawa ne a allo kuma ba ya ba da damar tashi, har sai an cika sharuɗɗan da ke ƙarƙashinsa: sunan direba da lambarsa, lambar mota, duba taya da fanbel da ruwan lagireto, layin waya biyu na kamfanoni daban, da sanar da inshora inda doka ta nema. Kowane sharaɗi yana da mai tabbatar da shi, kuma matafiyi ba ya tabbatar wa kansa. Idan an cika duka ne yake komawa kore.

Koren ma yanzu yana da wa'adi. Awa 12 kafin tashi manhaja takan sake gwada tafiyar da dokoki da matakan haɗari na wannan lokacin. Idan babu sauyi ya zauna. Idan matakin wani wuri a kan hanyar ya hau, tafiyar ta koma an dakatar, saƙon tes ya tafi wa matafiyi da jami'in tsaro. Dalilin wannan a bayyane yake ga duk wanda ya san yankin. A Fabrairun 2021 gwamnatin Gombe ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Billiri, garin da ke kan babbar hanyar Gombe zuwa Yola, a Agustan 2024 kuma ambaliya ta yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙaramar hukumar Katagum. Izinin da aka bayar kwana uku kafin irin wannan bai san da shi ba.

An yi doguwar muhawara kan wanda ya riga ya tashi. Wasu suka ce shi ma a dakatar da tafiyarsa. Hakan kuskure ne, domin a yawancin saiti tafiyar da aka dakatar takan fita daga taswira, wato a daidai lokacin da aka fi buƙatar ganin mutum sai a daina ganinsa. Aka tsaya kan cewa tafiyar da ke matsayin ana kan hanya babu abin da ke fitar da ita sai isowa. Idan haɗari ya ƙaru a sa mata jar alama, jami'in tsaro ya kira cikin minti 15 a yanke shawarar ci gaba ko juyawa ko fakewa. Idan lokacin dawowa ya wuce da minti 30 ba a ji daga gare su ba, matsayi ya koma an makara, wayar jami'in tsaro ta yi ƙara, bayan awa ɗaya ta darakta. An kammala kuwa sai matafiyi ya danna ya iso, ko jami'in tsaro ya danna a madadinsa bayan ya ji muryarsa.

Jerin gyaran da ke mai da tafiya baya ya ƙaru: ƙari ko cire zango, sauya hanya, sauya direba ko mota, ƙarin fasinja, kwana a inda ba a tsara ba, da matsar da lokaci fiye da awa biyu ko zuwa bayan iyakar yamma. Ya fi sauƙi a juya tambayar, a lissafa 'yan abubuwan da za a iya gyarawa ba tare da sake dubawa ba, kamar rubutun dalilin tafiya, sauran duka su mai da ita ana jira.

Gyaran dokoki

An daina bin jeri daga sama. Yanzu kowane zango da kowace ƙaramar hukumar da hanya ta ratsa ana gwada su da dukkan dokoki, wadda ta fi tsauri ita ke aiki. Idan manhaja ba ta da wannan zaɓi, mafita ita ce a juya jerin, mafi tsauri a sama, tafiyar gida a can ƙasa.

An kuma bar auna jiha aka koma ƙananan hukumomi, 11 na Gombe da 20 na Bauchi da waɗanda ake zuwa a maƙwabta, tare da manyan hanyoyi a matsayin yanki-yanki: Gombe zuwa Bauchi ta Alkaleri, Gombe zuwa Yola ta Kaltungo da Cham, Gombe zuwa Bajoga da Ashaka, Gombe zuwa Biu a raba ta biyu a iyakar Borno. Jami'in tsaro ne ke ba kowanne mataki, da dalili a rubuce da ranar da za a sake dubawa. Ba ya iya sauke wuri ƙasa da matakin masu sayar da bayanai sai darakta ya sa hannu. Wannan aiki ne mai cin lokaci, kuma idan aka bar shi wata uku ba a taɓa ba ya fi matakin jiha haɗari, saboda mutane sun yarda da shi.

Shiru yanzu hawa yake sa buƙata ta yi. Awa 8 na aiki ba amsa, ta wuce wurin wakili, wata awa 8 ta wuce wurin na sama da shi. Sashen kula da ma'aikata ba ya sakin takardar hutu sai an ga sunan wakili a manhaja, kuma wakilin ba zai zama wanda ke cikin tafiyar ba. Iyakar yamma ta koma agogon Najeriya, 4:30 daga Oktoba zuwa Fabrairu, ƙarfe 5 a sauran watanni, kuma lokacin isowa ake aunawa. Kowace doka tana da lambar bugu da ranar fara aiki, kowace tafiya tana ajiye bugun da aka auna ta da shi, don idan mai bincike ya zo bayan shekara ya ga dokar da ke aiki a ranar.

Firjin rigakafin Biu bai iya jiran awa 72 ba, kuma duk dokar da ta yi kamar ba ta san da irin wannan ba, kewaye ta za a yi. Aka buɗe hanyar gaggawa: jami'in tsaro da darakta su amince ta waya, jami'in ya shigar cikin awa ɗaya da dalili, sauran sharuɗɗa ba a ɗage ko ɗaya ba. Duk wata ana ƙirga sau nawa aka bi ta da wa ya nema.

Abin da gyaran ya haifar

Cikin 'yan makonni saƙonni suka yi wa manajoji yawa, suka koma danna amincewa ba karantawa. Wasu ma'aikata suka koma neman izini ta WhatsApp, a shigar daga baya ko a manta. Abu biyu suka rage wannan. An ba hanyoyin yau da kullum, irin Gombe zuwa Kumo ko Deba, izinin tsaye na kwana 30 ga mutum da motar da aka sani, wanda ke faɗuwa da kansa da zarar matakin hanyar ya sauya; ma'aikaci ya danna ya tashi, ya danna ya iso, shi ke nan. Sannan aka ɗaure lambar tafiya da kuɗi. Akanta ba ya fitar da kuɗin mai ko alawus ɗin kwana sai da lambar tafiya mai kore, kuma ƙarshen wata yana gwada littafin mota da rajistar manhaja. Wannan ya yi abin da takardun gargaɗi suka kasa yi.

Bin sawun waya ya jawo nasa ƙorafin, kuma da gaskiyar ma'aikata. Wurin da mutum yake bayanan sirri ne a ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023. Aka saita shi ya kunna idan tafiya ta shiga ana kan hanya, ya mutu idan an kammala, jami'in tsaro da mataimakinsa kaɗai ke gani, a goge bayan kwana 90.

Kafin a saki kowane sabon saiti yanzu, ana gwada shi da tafiye-tafiyen bogi a sashen gwaji na manhajar, kowacce an rubuta sakamakon da ake sa ran gani tun kafin a danna. Ta farko ita ce tafiyar Dadin Kowa da ƙarin Biu. Akwai mai dawowa 4:29 da mai dawowa 4:31, akwai wadda manajanta shi ne fasinja, akwai wadda matakin hanyarta ya hau bayan an tashi, da wadda aka rufe asusun mai amincewarta tana tsakiyar jira. Duk lokacin da masu manhajar suka sabunta ta ana sake gwada su gaba ɗaya, domin sabuntawa kan mai da wasu saituka yadda suka zo daga kamfani.

Direbobin haya har yanzu da hannu ake shigar da su, saboda manhajar daga rajistar albashi take ɗauko sunaye kuma kuɗin lasisinta kan kowane mutum ne. Reshen ya buɗe musu gurbin baƙon matafiyi mai suna da lambar waya da lambar wani na kusa, fom kuma ba ya miƙuwa idan gurbin babu kowa. Ko inshorar kamfani ta haɗa da su, wannan yana hannun lauyan kamfani da masu motocin, kuma sai an sabunta kwantiragin haya za a rubuta shi.